Wa Ya Haukata Matar Likita?

A cikin watan Janairu na shekarar 1892 wata mujalla ta ƙasar Amurka, mai suna New England Magazine, ta buga wani gajeren labari da a ke kira The Yellow Wallpaper, watau takardar bango mai ruwan ɗorawa. Wata mata ce ta rubuta shi, sunanta Charlotte Perkins Gilman. Labarin bai fi a karance shi a zama guda ba, amma ga shi yau fiye da shekara 130 ana gardama a kansa. Waɗansu sun ce labarin ban tsoro ne kawai, irin na aljannu, an tsara shi don tsigar jikin mai karatu ta tashi. Waɗansu kuwa sun ce labarin wata mai raunin hankali ne, wadda mijinta ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kanta, Allah bai nufa ba. Duka biyun nan sun kauce hanya, kuma kaucewar tasu ba ƙarama ba ce, domin mai laifi su ke wankewa.

Ga yadda labarin ya ke. Wata mata ta haihu, sai ta kamu da baƙin ciki da kasala, ba ta san dalili ba. Mijinta John likita ne, ɗan'uwanta ma likita ne, dukansu suka ce babu abin da ke damunta sai 'yar gajiya. John ya kama hayar wani tsohon gida a ƙauye na wata uku, ya ajiye ta a ɗakin bene. Tagogin ɗakin da sandunan ƙarfe, gadon an kafe shi a ƙasa, bango kuwa an manne shi da takarda mai zane, kamar yadda Turawa kan yi. Ya hana ta aiki, ya hana ta rubutu, jaririn ma wata ke renonsa. Ta roƙi a mai da ita ɗakin ƙasa, ya ƙi. Ta roƙi izinin ziyarar dangi, ya ƙi. Da ba ta da abin dubawa sai bango, ta yi ta duban zanen nan dare da rana, har ta fara ganin wata mace a bayansa tana jijjiga shi, tana neman fita. Ran da za su tashi ta kulle ƙofa, ta yayyage takardar, ta kama rarrafe tana kewaya ɗaki. Da John ya shigo ya gan ta, sai ya faɗi a some.

Masu kare John su kan ce ai bai taɓa dukanta ba, bai zage ta ba, kullum cikin lallashi ya ke. Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. Zalunci ba sai da bulala ba. Duk sa'ad da matar nan ta buɗe baki ta faɗi abin da ta ke ji a jikinta, sai ya yi dariya, ya shafa kanta kamar yarinya, ya ce shi ne likita, shi ya sani. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Wanda aka ƙaryata shi a kan ciwon jikinsa, yau da gobe, har shi kansa ya fara shakkar hankalinsa, me ya rage masa? Ita kuwa ba ta da wurin kai ƙara, gama mijin shi ne likitan, shi ne kuma mai riƙe da makulli.

Masu cewa tatsuniya ce ta ban tsoro, su kuma sai su dubi tarihin mai labarin. An haife ta a 1860, ta yi aure a 1884, ta haifi 'ya mace a 1885, sa'an nan irin wannan ciwo ya kama ta. A 1887 ta tafi Filadelfiya wurin Silas Weir Mitchell, wanda ya shahara ƙwarai a zamaninsa wajen ciwon jijiya da na ƙwaƙwalwa. Maganinsa ga mata shi ne kwanciya a gado makonni, da ɗura abinci da madara, da raba su da dangi da littattafai. Da zai sallame ta, ya umurce ta ta zauna gida, kada aikin tunani ya wuce sa'a biyu a yini, kada kuma ta sake taɓa alƙalami muddin ranta. Ta bi umurnin nan kamar wata uku, saura ƙiris hankalinta ya gushe ɗungum. Sai da ta yar da shawarar, ta koma aikinta, kana ta sami sauƙi. Ita da kanta ta bayyana haka a 1913. Ta ma kama sunan likitan a cikin labarin, ta aika masa da shi, bai ba ta amsa ba. Ashe ƙara ce aka shigar, aka yi mata rigar labari.

Akwai kuma masu cewa halittar mata ce haka, ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗaukar wahalar karatu. To, wannan likita ɗin maza ma sun zo masa da irin ciwon. Me ya yi musu? A 1885 ya shawarci wani saurayi, Owen Wister, ya tafi yammacin Amurka, ƙasar makiyaya, ya hau doki, ya sha iska. Wister ya tafi, ya warke, ya zama mashahurin marubuci. Ciwo iri ɗaya, likita ɗaya, amma namiji an ba shi doki da daji, mace an ba ta gado da bango huɗu. In bayan haka aka ga mace ta lalace, namiji ya miƙe, halitta za a zarga ko maganin?

Shari'ar ƙasar ma ta wancan zamani da hannunta a ciki. A jihar Illinois, cikin 1860, wani limamin kirista ya kai matarsa Elizabeth Packard gidan mahaukata, domin ta saɓa masa a kan al'amarin addini. Doka ta ba miji wannan iko ba tare da an zauna shari'a ba. Ta shekara uku a tsare. A 1864 aka kai maganar kotu, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce lafiyarta lau. Ta yi ta fama har aka gyara dokar a 1867. Wanda ya san wannan ba zai ce sandunan tagar nan ado ne na mai ƙaga labari ba.

Kada kuwa a ɗauka labarin yana cewa ciwon ƙarya ne, ko a guji likita. Ciwon gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kamar mata 13 cikin 100 na waɗanda suka haihu su kan sami taɓuwar rai, yawanci baƙin ciki mai nauyi, kuma yana warkewa in an kula. Likitocin yau sun bar hanyar Mitchell. Abin da su ke yi shi ne su saurari mai jego, su ba ta magani in ya kama, su sa dangi su kewaye ta.

Saboda haka kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce. Haihuwa babu ƙasar da ba a yinta, ciwon da ke biyo ta kuma bai san launin fata ba. In mai jego ta daina barci, ta daina cin abinci, tana kuka ba dalili, kada a yi saurin cewa iskoki ne ko shagwaɓa, a tura ta ƙuryar ɗaki a ja ƙofa. A tambaye ta, a ji ta bakinta, a kai ta asibiti. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya fi kowa sanin darajar alƙalami, ya san kuma zafin a ce da mutum shi bai san kome ba. In matarsa ta ce ga abin da ke damunta, ya gaskata ta. In ta nemi takarda da alƙalami, ya saya mata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.