Gobara a tsofaffin unguwanni: Abin da Wudil za ta duba tun kafin hunturu

Duk lokacin da aka ambaci gobara a Kano, hankali kan koma kasuwanni. Ba laifi, domin a 2016 wuta ta ci Kasuwar Singa a watan Fabrairu, sannan ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris. Sai dai abin da ke haddasa irin wannan ɓarna yana nan kwance a cikin gidajen tsofaffin unguwanni, daga cikin ganuwar Kano har zuwa garuruwa irin su Wudil.

Babbar matsalar waya ce. Gidan da aka ja wa wuta shekaru 40 da suka wuce, an yi lissafin ƙwai biyu ne da rediyo da fanka. Yau wannan wayar ce ke ɗaukar firji da dutsen guga da hitar dafa ruwa. Idan nauyi ya yi mata yawa sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke, tartsatsi ya kama sili ko busasshiyar azara. Fis ne ya kamata ya katse wutar kafin a kai nan, amma sau da yawa an riga an ɗaure shi da waya mai kauri don kada ya riƙa ƙonewa. Wato an kashe mai gadin da hannu.

A Wudil akwai ƙarin nauyi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin 'Yan Sanda sun jawo jama'a, buƙatar ɗakunan haya ta ƙaru. Mai tsohon gida kan raba ɗaki biyu, ya ja soket daga na maƙwabci, ya zuba ɗalibai, kowa da risho ko tukunyar gas. Da yawan irin waɗannan gidaje kuma na gado ne. Magada goma na karɓar haya, babu wanda zai ce shi zai biya kuɗin sauya waya.

Hunturu kan ƙara dagula lamarin: iska ta bushe, ana kwana da garwashi a ɗaki, a bar hita a bokiti idan an ɗauke wuta, a manta har a dawo da ita tsakar dare.

Ruwa kam ba ya wuya, ga kogi a gindin gari. Abin da ke wuya shi ne shigar da motar kashe gobara lungun da ko a-daidaita-sahu sai da dabara take juyawa. Shi ya sa, a ganina, sayen sababbin motoci kaɗai ba zai wadatar ba. Ƙaramar hukuma da Hukumar Kashe Gobara ta jihar za su iya haɗa kai da dagatai da masu unguwanni, a sa sharaɗi: duk gidan da za a ba ɗalibai haya, sai ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyinsa, a cire kuɗin aikin daga hayar shekarar farko kafin magada su raba.