Leƙa Duniya: Gardamar da Ta Kaure a Kan Eren, Yaron da Ya Tattake Duniya

Ran 9 ga watan Afrilu na shekarar 2021 wata mujalla ta ƙasar Jafan mai suna Bessatsu Shonen Magazine ta buga babi na 139, watau babin ƙarshe na wani labari mai zane-zane da jama'a suka shafe shekara 11 da wata 7 suna bi wata-wata. Ba a kwana ba sai da gardama ta kaure tsakanin masu karatunsa a ƙasashe da dama, waɗansu suna yabo, waɗansu suna cewa an ci amanarsu. Sunan labarin Shingeki no Kyojin da harshen Jafan, Turawa kuwa sun san shi da Attack on Titan. Mai yiwuwa ne dattijon da ya ji wannan ya yi dariya, ya ce manyan mutane da gemunsu suna sa-in-sa a kan zanen yara. Amma in ya ji abin da ake gardamar a kansa, zai tarar tsohuwar tambaya ce da ta daɗe tana damun 'yan Adam, watau ko wanda aka zalunta yana da iyaka wajen ramuwa.

Mawallafin labarin shi ne Hajime Isayama, wanda aka haifa a shekarar 1986 a lardin Oita. Kamfanin ɗab'i na Kodansha ya soma buga masa labarin a watan Satumba na 2009, aka kuma tara shi cikin littattafai 34, waɗanda tun a ƙarshen 2019 aka ba da sanarwar an buga fiye da kofe miliyan 100. A shekarar 2013 kamfanin Wit Studio ya mai da shi majigin zane na talabijin, irin wanda ake kira anime, sa'an nan daga watan Disamba na 2020 kamfanin MAPPA ya karɓi aikin ya kai shi ƙarshe a farkon watan Nuwamba na 2023. A garin Hita, mahaifar Isayama, jama'a sun yi karo-karo a 2020 sun kafa mutum-mutumin tagulla na jaruman labarin guda uku a gindin wata madatsar ruwa, suna ɗaga kai suna dubanta kamar masu duban ganuwa.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Waɗansu mutane ne suke zaune cikin ganuwa uku, kowace tsawonta mita 50, suna zaton su kaɗai suka rage a duniya, domin a bayan ganuwar babu kowa sai Samudawa masu cin mutane. Shekara 100 suna zaune lafiya, sai wata rana wani Basamude mai tsawon mita 60 ya fasa ƙofa, sauran suka kwararo cikin gari. Eren Yeager, yaro ɗan shekara 10, yana ji yana gani aka cinye mahaifiyarsa. Nan ya rantse sai ya ga bayan Samudawa ƙaf, ya shiga soja tare da abokansa biyu, Mikasa da Armin. Shekara da shekaru masu kallo suna tare da yaron nan, suna baƙin ciki da baƙin cikinsa, in ya yi nasara su yi tafi.

Sai labari ya juya. A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa aka sami littattafan da mahaifin Eren ya ɓoye, aka gane ashe duniya cike take da mutane, su kuwa a wani tsibiri suke mai suna Faradis. Ashe kuma Samudawan nan mutane ne 'yan uwansu, 'yan ƙabilar Eldiya, waɗanda daular Marle take yi wa wata allura su rikiɗa, ta zubar da su a tsibirin. Eldiyawan da suka rage a hannun Marle kuwa an killace su cikin waɗansu unguwanni, an tilasta musu ɗaura ƙyalle a damtse, ana koya wa 'ya'yansu cewa jininsu jinin shaiɗanu ne saboda zaluncin da kakanninsu suka yi sa'ad da mulki yake hannunsu. Waɗanda suka fasa ganuwar ma yara ne daga cikin waɗannan unguwanni, ɗaya daga cikinsu mai suna Reiner shekararsa 12, an yi musu alkawarin za a ɗaukaka iyayensu in suka yi aikin.

Da Eren ya ga ƙasashen duniya sun yi gangami za su hallaka tsibirin, sai ya saki Samudawan da aka gina ganuwar da jikinsu, masu ɗimbin yawa, suka ƙetare teku suna tattake birane da ƙauyuka. Wannan shi ne abin da labarin ya kira Rugugi. Kafin a tsai da shi, kashi 80 cikin 100 na 'yan Adam sun hallaka. Abokansa na ƙuruciya ne suka haɗa kai da abokan gabansu na jiya suka yaƙe shi, Mikasa kuwa, wadda ta fi kowa sonsa, ita ta sare masa kai.

To, a nan masu sha'awar labarin suka rabu. Rukuni na farko suna ganin Eren bai yi laifi ba. Hujjarsu ita ce tsibirin ya nemi sulhu bai sami mai saurarensa ba, an kuma yi shelar yaƙi a kansa a bainar jama'a, saboda haka ko dai ya kashe ko a kashe shi da danginsa. Abin da ya ɓata musu rai shi ne yadda mawallafi ya hana shi ƙarasa aikin, ya kuma nuna shi a babin ƙarshe yana zaune cikin ruwa yana kuka, yana faɗa wa Armin ba ya son Mikasa ta so wani namiji bayan mutuwarsa. Suka ce an ɗauki namijin duniya an mai da shi rago a shafi guda. Waɗansu daga cikinsu har suka zana nasu ƙarshen labarin suka watsa ta intanet, waɗansu suka shiga tara sa hannu wai a tilasta wa mawallafi ya sake.

Rukuni na biyu kuwa ta wata fuska suka fusata. Su a ganinsu babin ƙarshe ya yi wa mai kisan kiyashi sassauci. Sun kafa hujja da wurin da Armin, wanda shi ne mai hankalin labarin, ya yi wa Eren godiya bisa ɗaukar wannan mugun aiki dominsu, da kuma yadda sauran abokansa suka riƙa zub da hawaye suna tuna alherinsa, alhali ƙasa tana jiƙe da jinin waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tsoronsu shi ne kada yaro ya rufe littafin yana zaton hallaka al'umma wata irin sadaukarwa ce. Wannan tsoro kuwa yana da asali, domin tun kafin nan an sha zargin labarin da ɗaukaka aikin soja, musamman da yake Isayama ya taɓa bayyana cewa ya zana wani kwamanda na labarin ne bisa kamannin Janar Akiyama Yoshifuru na tsohuwar rundunar daular Jafan, abin da ya harzuƙa masu karatu a Koriya da ƙasar Sin, waɗanda kakanninsu suka sha wuya a hannun wannan runduna. A watan Nuwamba na 2021 ma sai da masu shirya majigin suka janye irin ƙyallen damtsen nan da suka so sayarwa, suka nemi gafara, bayan an tuna musu da wanda aka tilasta wa Yahudawa ɗaurawa a zamanin Hitila.

Akwai rukuni na uku, waɗanda ba ruwansu da siyasar labarin, tsarin ginin suke dubawa. Sun ce mawallafi ya tara manyan al'amura ya cusa su cikin babi ɗaya. A nan ne aka ji cewa Ymir, baiwar da ƙarfin Samudawa ya samo asali daga gare ta, ta yi shekara 2,000 tana bauta ne saboda son sarkin da ya azabtar da ita. A nan ne kuma aka ji Eren da kansa ne, ta hanyar ikon da ya samu daga baya a kan abin da ya wuce, ya karkatar da Basamudiyar da ta cinye mahaifiyarsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a yi masa babi biyu ko uku, amma aka wuce su cikin shafuka kaɗan. Wannan suka tana da ƙarfi, ko masoyan Isayama da yawa sun amince da ita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake son ya auna hujjar rukunin farko, sai ya dubi abin da ya faru da wata yarinya ta cikin labarin mai suna Gabi. 'Yar shekara 12 ce, Ba'eldiya daga unguwar Liberiyo ta ƙasar Marle. Tana ji tana gani Eren ya faɗo garinsu ya rushe gidaje, mutanen da ta sani suka mutu a gabanta, ita ma ta rantse sai ta rama. Ta ɗauki bindiga ta haye jirgin maharan, ta harbe Sasha, wata sojar tsibiri da masu kallo suke ƙauna ƙwarai. Sa'ad da aka nuna wannan a talabijin a farkon 2021, Gabi ta sha zagi da tsinuwa irin wanda ba a taɓa yi wa wani a labarin ba, da yawa daga masu zagin kuwa su ne masu kare Eren. Alhali mawallafi ya gina yaran biyu a kan tubali ɗaya da gangan, kowannensu an faɗa wa garinsa, kowannensu ya ɗauki mutanen ƙetare a matsayin dodanni. Bambancinsu kawai shi ne masu kallo sun yi shekaru suna zaune a gidan Eren, Gabi kuwa baƙuwa ce. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Labarin da kansa ya ba da tasa amsar ta bakin mahaifin Sasha, wani mafarauci ɗan ƙauye. Da aka miƙa masa wuƙa aka nuna masa yarinyar da ta kashe 'yarsa, sai ya ƙi, ya nuna cewa ɗaukar nauyin tsohuwar gaba aikin manya ne, ba abin da za a bar wa yara gado ba. Haka kuma mawallafi bai ɓoye abin da Rugugi yake nufi ba. Ya zana wani yaro ɗan gudun hijira mai suna Ramzi, wanda Eren ya taɓa ceta daga hannun masu dukansa, ana tattake shi tare da ƙanensa, ya zana jama'a a bakin wani dutse suna miƙa jariri hannu zuwa hannu don kada ya faɗa. Da wuya a ce wanda ya zana waɗannan shafuka yana son a yi wa Eren tafi. Kuskuren da ya yi na lafazi ne a babin ƙarshe, kuma babban kuskure ne, tun da ya ba kowane rukuni abin kamawa.

Isayama bai toshe kunnensa ba. Da littafi na 34 ya fito a watan Yuni na 2021, ya ƙara shafuka 8 da suke nuna tsibirin ya bunƙasa ya cika da dogayen benaye, sa'an nan bayan zamani mai tsawo yaƙi ya dawo aka ragargaza shi da bama-bamai. Wannan ma ya ta da sabuwar ƙura, rukunin farko suka ce ga shi nan, da an bar Eren ya ƙarasa da ba a yi haka ba, waɗansu kuwa suka amsa musu cewa tun kafin Rugugi mutanen tsibirin suke kashe junansu a kan mulki, saboda haka ko da su kaɗai suka rage a duniya ba su rasa abokin faɗa. A watan Nuwamba na 2022 ya halarci wani taron masu sha'awar majigin zane a birnin Niyok, inda ya bayyana cewa har lokacin yana shakkar ko ya rufe labarin yadda ya kamata, jama'ar da suke zauren suka ƙarfafa masa gwiwa da tafi. Da majigin ƙarshe ya fito a 2023, an sake hirar Eren da Armin bisa roƙon mawallafin. A wannan karo Eren ya amsa cewa wauta ce ta haɗu da iko a hannunsa, Armin kuma ya ɗora wa kansa rabon laifin, ya nuna makomarsu su biyu azaba ce. Masu kallo da yawa da suka ƙi littafin sun karɓi majigin hannu biyu, ko da yake abin da ya faru a labarin bai sake ba ko kaɗan, 'yan kalmomi ne aka gyara.

Abin takaici a cikin al'amarin duka shi ne halin da waɗansu suka nuna. An aika wa mawallafin zagi da barazana, an kuma tsangwami ma'aikatan MAPPA a 2021 saboda abin da bai taka kara ya karya ba, kamar irin kiɗan da suka sa a ƙarshen wani kashi. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon labarin da yake nuna yadda ƙiyayya take cin mai ita, sa'an nan ya tashi ya yi wa mai zane barazana don bai gamsu da babi ɗaya ba, lalle kallo ya yi, bai gani ba. Suka halal ce ga wanda ya sayi littafi da kuɗinsa.

Iyaye da malamai kuma ya kamata su lura cewa kasancewar abu zane ba ya nufin na ƙananan yara ne. Wannan majigi cike yake da jini da tashin hankali, har ma'aikatar al'adu ta ƙasar Sin ta sa shi cikin jerin waɗanda ta hana nunawa a shekarar 2015. Saurayin da ya isa kallonsa kuwa, ya fi kyau a zauna da shi a ji ra'ayinsa a kan Eren da Gabi, a tambaye shi dalilin da ya sa ya yafe wa ɗaya ya ƙi yafe wa ɗayar, a kuma tambaye shi laifin da Ramzi ya yi.