Ra'ayinmu: Ruma Ma Ƙasarmu Ce

Duk shekara idan hutu ya ƙarato, sai ka ji ƙungiyoyin ɗalibai suna ta shawarar inda za a tafi yawon buɗe ido. Waɗansu su ce Yankari, waɗansu su ce Jos, masu ƙaramin ƙarfi kuwa su ce a leƙa rijiyar Kusugu a Daura, ko a hau hasumiyar Gobarau a dawo. Ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma akwai ƙasar da ba mu taɓa jin an ambata a irin wannan shawara ba, watau ƙasar Ruma, wadda ta ƙunshi Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, alhali kuwa tafiyar safiya guda ce daga birni.

Mun san amsar da za a ba mu: wa zai kai kansa bakin dajin Rugu? Gaskiya ne. A watan Fabrairu na 1980 da wani ya faɗi haka da an yi masa dariya, amma a Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumban 2021 har layukan waya aka datse a yankin, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninsa. Ba mu ce kowa ya ɗauki jakarsa gobe ya faɗa daji ba. Abin da muke tambaya shi ne, kafin bindiga ta zo, su wa suka je? Mantuwarmu ta riga tsoronmu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ke Ruma da ya cancanci a gani? Da farko akwai tarihi. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai wannan yanki ya zama bakin iyaka, kowace runduna ta bi ta kansa. A zamanin Sarkin Katsina Sidiku, wanda aka tuɓe a 1844, an yi bore a nan da goyon bayan Maraɗi, aka murƙushe shi da ƙarfin tsiya, garuruwa da dama suka zama kufai, daji ya rufe gonaki. Mai son ya fahimci wannan zamani sai ya nemi littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1981.

A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Katsina zai tafi Sakkwato. Saboda tsoron mayaƙan Gobir bai miƙe yamma sosai ba, sai ya zaga ta Kuraye da Kurfi, ya sauka a Zakka ta ƙasar Safana, sa'an nan ayarinsu ya ratsa dajin cikin fargaba zuwa Zurmi. Abin kunya ne a ce baƙo daga Jamus ya taka wannan hanya ya rubuta abin da ya gani, mu kuwa 'ya'yan ƙasa, masu digiri a fannin tarihi, ba mu iya nuna Zakka a taswira. Haka nan sunan Ɗanwaire, barden da Rumawa ke alfahari da shi, yana bakin tsofaffi, amma tsofaffin nan kullum ƙarewa suke yi.

Na biyu akwai darasin mulki, kuma wannan na matasan ma'aikata ne. Bayan da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai na cikin wuraren da aka fi sa wa rai. An gina madatsun ruwa, an kai likitocin dabbobi, garin Runka ya yi suna a harkar kiwo da madara. Da tafiya ta yi nisa sai aka yi sakaci: madatsun suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, makiyayi da manomi suka koma kallon juna da jan ido. Ma'aikacin da ya je ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara sa hannu a takardar rabon fili da wasa ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, ƙungiyar ɗalibai ta fara da abin da ba ya bukatar mota. A cikinmu akwai 'yan Batsari da Safana da Runka da Wagini; a ba su dandali su gaya mana yadda ƙasarsu take, duwatsunta da kasuwanninta da mutanenta, ba labarin gawa kaɗai ba. Ta biyu, sashen tarihi da na Hausa su tura ɗalibansu 'yan yankin su ɗauko maganar tsofaffi, har da waɗanda gudun hijira ya kawo cikin birnin Katsina, a adana ta tun ba a binne ta da masu ita ba. Ta uku, a shirya ziyara ta hankali, da rana, a cikin gari, bayan an nemi izini da shawarar Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana da jami'an tsaro. In sun ce a dakata, a dakata. In sun ce a zo, kada a je hannu rabbana, a tafi da littattafai don makarantun da suka sha rufewa.

Ga matasan ma'aikata kuwa, musamman malamai da ma'aikatan asibiti da na gona, muna roƙo a daina ɗaukar canjin aiki zuwa Ruma tamkar horo. Ita kuma hukuma ta sani ba a tura bawan Allah bakin daji ba gida ba tsaro, sa'an nan a ce ya yi kishin ƙasa.

An yi zaman sulhu a 2019 ya wargaje, an sake yin waɗansu a 2025. Ko me sulhu ya haifar, ba zai daɗe ba muddin sauran jama'a na ɗaukar yankin kamar wata ƙasa dabam. Wurin da ake zuwa shi ake tunawa, wurin da ake tunawa shi ake yi wa hanya da asibiti. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, ya nuna mana ranar da motar ɗalibai za ta tsaya a kasuwar Batsari ba mai waiwaye. Amin.