Madalla da Tir Ba Su Isa Hujja Ba

Jama'a, kowane malami ya kan furta kalmomi biyu kullum a aji: madalla da tir. Yaro ya tsinci kuɗi ya mayar, mu ce madalla. Wani ya cuci ƙaramin da bai kai shi ƙarfi ba, mu ce tir. To, shin yabonmu ne ke mai da aiki mai kyau, ko kuwa kyaun aikin ne ke jawo yabon?

A 1936 wani masanin Ingila, A. J. Ayer, ya ce in mutum ya ce sata mummuna ce, bai ba da labarin kome ba, ƙyamarsa kawai ya nuna. In haka ne, ai ba a iya cewa wani ya yi kuskure cikin yabo ko zargi. Ni dai ban yarda ba, na fi karkata ga Franz Brentano, mutumin Jamus, wanda ya yi lacca a Biyana a 1889. Shi da masu bin hanyarsa su kan fara da duban yadda abu ke bayyana a zuciya. Ya ce kamar yadda zance kan zama gaskiya ko ƙarya, haka so da ƙi su kan zama daidai ko kuskure. Wani na son yaji, wani ba ya so, babu mai laifi. Amma wanda ya fi son ɓata bisa ga sani, sonsa ya karkace. Watau abu mai kyau shi ne wanda ya cancanci so.

Max Scheler ya ƙara da cewa zuciya ta kan ji darajar abu kamar yadda ido ke ganin launi, tun kafin a kawo dalili. Amma fa ido ya kan yi ciwo. A 1912 ya yi rubutu kan ƙullin zuciya, ya nuna yadda mai hassada kan kushe abin da ya gagare shi, har ya daina ganin kyaunsa. Hausawa sun san wannan: so hana ganin laifi, maƙiyinka kuwa ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Ga inda zancen ya shafe mu. Yara suna koyon abin so da abin ƙi daga fuskar malaminsu. Wanda ya yabi ɗan mai arziki kan aikin da ya tsawata wa ɗan talaka, ya koya wa aji duka cewa kyau yana bin mutum, ba aiki ba. Saboda haka kafin ka ce madalla ko tir, tambayi kanka: da wani yaro ne ya aikata wannan, haka zan ji? In amsar ta sāke, to ba aikin ka duba ba. Sa'an nan ka faɗa wa yaron dalili, don gobe ya iya gani da kansa ko ba ka nan.

Allah ya sa mu yi adalci.