Hutun Maris: Ada ko Dodi?

Hutun 6 ga Maris kan zo cikin tsananin zafi, yaran Nima da Maamobi kuwa sai su matsa a kai su bakin ruwa. Wurare biyu aka fi tambayarmu a kansu: tsibiran Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, da tsibirin Dodi a tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965.

Ga mai ƙananan yara, mun fi karkata ga Ada, domin ƙetarawar gajera ce, muddin an nisanci bakin teku inda ruwa ke da ƙarfi. Dodi kuwa tafiya ce mai tsawo a kan tafki, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ga iskar farkon damina. Kada mu sa iyalinmu a kwalekwalen da ya cika maƙil, ko wanda ba shi da rigunan kariya daga nutsewa. 'Ya'ya amana ne.

Duka tafiyoyin biyu sun wuce mil 48, saboda haka ƙasaru ya halatta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.