Gidan Tarihi Tsakanin Taro da Adana: Darasin Gidan Makama ga Gaya

Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka a gindin Dala yana neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa. Garin da ke da irin wannan matsayi ya cancanci gidan da zai adana abin da magabata suka bari. Tun da aka ɗaga darajar masarautar Gaya a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan aka maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu a kan Gaya da Ajingi da Albasu, ya bayyana cewa doka tana iya sauya matsayin sarauta cikin 'yan kwanaki. Ƙera da sirdi da rubutun hannu kuwa, idan suka lalace, babu majalisar da za ta dawo da su. Saboda haka duk ranar da za a keɓe wani tsohon gida a Gaya domin tarihi, ya kamata a fara duban Gidan Makama.

An gina Gidan Makama a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen aikin mulki, yanzu kuma wani sashensa gidan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Irinsa ne Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A irin waɗannan wurare, ginin kansa shi ne babban kayan tarihi. Wanda aka damƙa wa shi yana da nauyi biyu: ya jawo mutane su shigo, ya kuma hana shigowarsu ta cinye abin da suka zo gani.

Masu son a buɗe ƙofa ga taruka suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗin da ke zuwa daga gwamnati ba ya isa, kuɗin shiga kuma kaɗan ne. Taron ƙaddamar da littafi, ko wasan koroso, ko ziyarar 'yan makaranta, ko baje kolin sana'o'i a lokacin hawan Sallah, duk suna kawo kuɗi da masoya. Gidan ƙasa kuma ya fi saurin rushewa idan aka kulle shi, domin babu mai ganin tsagar da ta fito a soro, babu mai lura da indararon da ya toshe, sai gara da jemagu su gaje shi.

Amma taro yana da tasa ɓarnar, wadda ba ta bayyana a ranar biki. Ƙusar da aka kafa domin rataya allon sanarwa tana buɗe wa ruwa hanya cikin tubali. Jijjigar janareta da manyan lasifikoki tana sassauta yaɓe. Ragowar abinci tana kiran ɓera da kyankyaso, su kuma ba sa bambanta tsumma da lifidin da ya shekara ɗari. Hasken rana da na fitilu masu ƙarfi yana kashe launin saƙi da tawadar takarda, kuma launin da ya kashe ba ya dawowa. Mafi muni shi ne gyaran gaggawa saboda zuwan babban baƙo, inda ake shafe bangon ƙasa da siminti da fenti. Siminti yana tsare danshi a cikin bango, sai ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi.

Mafita ita ce a ci gaba da taro, amma a sa shi ƙarƙashin ikon mai adana kaya. Taro ya tsaya a tsakar gida, ɗakunan kaya su kasance a rufe ko a shiga da ja-gora, kuma a ƙayyade yawan mutane tun kafin a karɓi kuɗin kowa. A ware wani kaso sananne daga kuɗin kowane taro domin yaɓe da sauya azara da maganin gara, a kuma liƙa lissafin inda jama'a za su gani. Kafin duk wannan, a rubuta kowane abu a kundi da lambarsa da hotonsa da sunan gidan da ya ba da shi. Iyalan da ke riƙe da tsohuwar uwar maƙera ko Alƙur'ani rubutun hannu a Gaya da Ajingi ba za su saki abin gadonsu ba sai sun tabbata jikansu zai iya zuwa ya tarar da shi.

Akwai ma hanyar da adanawa ke zama ita ce bikin. A Djenne ta ƙasar Mali, mutanen gari suna fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, kuma wannan aikin ne ke jawo baƙi. Ƙasar Hausa ta san aikin gayya tun fil'azal. Ranar yaɓe kafin faɗuwar damina, inda tsofaffin magina za su nuna wa matasa yadda ake kwaɓa ƙasa da makuba, za ta gyara ginin ta kuma raya sana'ar da ke neman ɓacewa.

Ma'aunin nasarar gidan tarihi a Gaya zai kasance halin da soronsa da kayansa ke ciki bayan damina goma. Idan za a kafa shi, a naɗa mai adana kaya, a buɗe kundi, a tanadi kuɗin yaɓen shekarar farko, sannan a buga katin gayyatar bikin buɗewa.