Juma'a ba ta halatta maka albashin da ba ka yi wa aiki ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, wata ɗabi'a ta yaɗu cikin ma'aikatanmu, daga Jiratawa har Tibiri da birnin Maradi. Mutum zai bar wurin aikinsa tun da hantsi, in an tambaya a ce ya tafi shirin Juma'a, ko gaisuwar mutuwa, ko zanen suna. Ya kira ha'incinsa ibada, alhali shari'a ta barranta daga wannan.

Ku duba Suratul Jumu'a. Aya ta 9 ta umarce mu da barin ciniki idan aka yi kira, aya ta 10 kuma ta ba da izinin watsuwa neman falalar Allah da zarar an idar. Iyakar hanin ke nan, daga kira zuwa sallama. Shaihu Halil ma a Mukhtasar ya lissafa barin aiki ranar Juma'a cikin makaruhai, masu sharhi suka ce idan an yi shi don girmama ranar, irin yadda Yahudawa ke yi wa Asabar.

Jana'iza kuwa farillar kifaya ce, idan wasu sun tsaya da ita ta faɗi a kan saura. To majinyacin da aka ɗauko daga ƙauye ya iske gidan likita ba kowa, wa zai ɗauke maka alhakinsa? Mai kula da injin ban-ruwa a fadamar Jiratawa, in ya tafi ba izini, zogalen mutum nawa zai bushe?

Wani zai ce albashin bai isa ba. Nemi haƙƙinka wurin wanda ya ɗauke ka aiki, domin ba talakan da ke jiranka ya tauye ka ba. Ijara alkawari ce: lokacinka ka sayar, ka karɓi kuɗinsa.

Hutu halal ne. Dokar aiki ta 2012 ta ba ma'aikaci hutun shekara da albashinsa. Mai niyyar Hajji ko jinyar iyaye ya nemi izini a sarari, ya bar wani a madadinsa. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, haramun ne ku hana yaranku halartar Juma'a.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ciyar da iyalanmu. Wallahu a'alam.